Kundin aikin rubuta wasan ban dariya na talabijin a Damagaram

Litinin, 6 ga Oktoba 2025

An tsayar da siffar aikin. Wasan ban dariya ne na tele, kashi 15, kowane kashi minti 13, kuma ana so a fara nuna shi cikin azumi, bayan shan ruwa, lokacin da gida yake cike kuma ba mai haƙurin dogon labari. Ana sa ran azumin zai kama wajen 18 ko 19 ga Fabrairu 2026, ke nan wata huɗu da ƴan kwanaki ne a hannu, har da ɗauka da montaj, wato yanka hotuna da haɗa su.

Minti 13 ɗin ba duka na marubuci ba ne. Kiɗan buɗewa zai ci daƙiƙa 40, jerin sunaye na ƙarshe daƙiƙa 30. Abin da ya rage na wasa minti 11 ne da daƙiƙa 50, kuma a kansa za a auna kowane rubutu.

Gardamar da ta fi cin lokaci ita ce ta yawan abin da za a rubuta. Garin nan yana da tsohuwar hanyarsa. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta gidan rediyon ƙasa reshen Damagaram, wadda ɗan wasa Yazi Dogo ya yi suna a cikinta, a kan ƙashin labari take aiki: a zauna a tattauna, kowa ya san matsayinsa da inda fitowa, wato yanki ɗaya na wasan, za ta ƙare, maganar kuwa ta fito daga bakin ɗan wasa. Hanyar ta haifar da wasannin da har yau dattawa suke maimaita kalamansu. Sai dai waɗancan ƴan wasa sun shekara suna wasa tare, kuma ba a ɗaure su da minti 11 ba. Matsayar da aka cimma: za a rubuta kowace magana, amma a kowace fitowa za a bar gurbi ɗaya, a ja masa layi a gefen shafi, inda ɗan wasa zai sake, ya faɗi magana daga kansa, na daƙiƙa 20 zuwa 30. Maganar shiga gurbin da ta fita daga cikinsa ba a taɓa su.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Wurin wasan bakin fanfo ne na unguwa. Ba sai an yi wa ɗan Damagaram bayanin layin jarkoki ba, kuma wuri ne da kowa yake da dalilin zuwa: mace da namiji, mai kuɗi da talaka, baƙo da ɗan gari. Ga sauƙin kuɗi, don kashi 70 cikin ɗari na wasan a wuri ɗaya za a ɗauka.

Taurari shida ne na dindindin. Mai fanfo tsohon ma'aikaci ne mai ritaya da yake tafiyar da fanfon kamar biro, da kaye da bik da tambari. Hajiya uwar adashe ba ta taɓa yarda ta zo bayan wani ba. Ga-ruwa ya fi kowa sanin gaskiyar abin da ake ciki, amma ba mai tambayarsa. Mushe ba ya iya ƙare magana ba Faransanci. Sai Bafulatana mai nono da Babarbare dillali, abokan wasan juna.

Kowane tauraro an yi masa takardar hali, shafi ɗaya tak, mai amsa tambaya huɗu: me yake so, me yake tsoro, wace ƙarya yake yi wa kansa, yaya yake kiran sauran biyar. Ta ƙarshen ba ƙaramar tambaya ba ce. Hajiya tana ce wa mai fanfo Malam idan tana neman alfarma, ta koma kiransa mai fanfo idan ya hana. Ga-ruwa Baba yake ce masa ko da cikin faɗa. Mushe shi kaɗai yake ce masa shugaba, shi ya sa jarkarsa take gaba. Idan marubuta uku ba su daidaita wannan tun farko ba, kashi na 2 da na 7 za su fito kamar mutane daban ne suke magana.

Tarkon da aka fi faɗawa a nan shi ne gina tauraro a kan ɗabi'a ɗaya ta jiki, kamar in'ina ko ɗingishi ko wata kalma da yake ta maimaitawa. Irin wannan yana ba da dariya a kashi na farko, a na uku ya gundura, don ba ya haifar da labari. Buƙata ita ke haifarwa. Mai fanfo yana so a ci gaba da girmama shi kamar lokacin da yake sarushi, kuma daga wannan kaɗai an fitar da ƙashin labari tara.

Yau ranar kasuwa ce, an tura masu kunne Kasuwar Dole da kaye. Ba barkwanci ake nema ba, yadda ake yanke magana ake nema: tayi, albarka, zagin wasa, da yadda mai saye yake juya baya yana jiran a kira shi.

Asabar, 25 ga Oktoba

An jera ƙashin kashi na 1 zuwa 5 a bango, kowace fitowa a kati ɗaya. Kashi ɗaya fitowa 6 zuwa 7. Babban labari yana cin huɗu ko biyar, ƙaramin labari biyu, kuma dole su haɗu a fitowar ƙarshe. A bayan kowane kati ana rubuta abin da ya sauya tsakanin farkon fitowar da ƙarshenta. Katin da aka rasa abin rubuta masa ana cire shi, ko da a cikinsa ne maganar da ta fi ban dariya take. Irin waɗannan maganganu suna da ambulan ɗinsu, a jira musu gurbi.

Talata, 4 ga Nuwamba

Karatun farko da agogo. Ƙa'idar da aka sani a rubutun senariyo ita ce shafi ɗaya minti ɗaya, idan an buga da harufan Courier masu girman 12 da faɗin gefe na al'ada. A kanta aka rubuta kashi na 1 shafi 12. Da aka karanta da baki ya kai minti 15 da ɗoriya, ke nan kowane shafi ya ci kusan minti ɗaya da daƙiƙa 15, ba a ma sa gurbin sakewa ba.   Babban dalilin shi ne gaisuwa.

Gaisuwa matsala ce ta gaske ga mai rubuta wasan Hausa. Mutum shida suna shigowa wuri ɗaya, kowa da sallama, ina kwana, ina gajiya, yaya gida, yaya sanyi. An auna, gaisuwa ta ci sama da minti biyu a kashi ɗaya. Cire ta gaba ɗaya kuma ba ya yiwuwa, don mai kallo zai ga yaro ya tsaya kan dattijo ba sallama, hankalinsa ya bar wasan ya koma kan rashin tarbiyyar. Hanya uku aka ɗauka. Ko a shiga fitowa a makare, bayan an gama gaisawa, kamara ta same su a tsakiyar magana. Ko a ji sallamar daga bayan fage yayin da ido yake kan wani abu. Ko gaisuwar ta zama ita ce wasan: Hajiya tana gaida mutanen layi ɗaya bayan ɗaya, da tambayar jikin kowa da na iyayensa, kowace gaisuwa tana matsar da jarkarta taki ɗaya, har ta iso gaba. Wannan ta ukun sau ɗaya za a yi ta a dukan shirin, ta biyu ba za ta ci ba.

Sabon ma'auni: shafi 9, ba ƙari. Shafi 9 sau daƙiƙa 75 ya ba da minti 11 da daƙiƙa 15, wanda ya bar ɗan abin da bai kai gurbi shida ba, don haka an rage guraben sakewa zuwa biyu a kowane kashi.

Wani ƙaramin abu: rubutun da aka tura wa ƴan wasa ta WhatsApp ya buɗe a wasu wayoyi da akwatuna a wurin ɗ da ƙ da ɓ da ƴ. Daga yanzu PDF kaɗai ake turawa, mai ɗauke da harufansa a ciki. Waɗanda karatun boko bai zauna musu ba ana karanta musu nasu layukan a saƙon murya, da murya shimfiɗaɗɗiya, ba tare da kwaikwayo ba, don kada su haddace salon mai karantawa.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Mako na gyaran magana. Ga yadda wata fitowa ta fito a zubin farko. Mai fanfo yana cewa: "Yau ba ruwa, amma duk da haka sai kin biya dala biyar, don ni nake tsaron layin nan ina jira tare da ku." Abin dariyar yana ciki, amma a binne. Mutum ɗaya ya yi tambayar ya ba da amsar, ya kuma bi ta da bayani. Ga gyaran:

Hajiya: Malam, ruwan ya zo?
Mai fanfo: Bai zo ba.
Hajiya: To dala biyar ɗin nan ta mece ce?
Mai fanfo: Ta jira.
Hajiya: In na koma gida fa?
Mai fanfo: Dala goma. Sai in jira miki.

Abin da aka yi a nan shi ake yi ko'ina. An raba maganar tsakanin baki biyu, don mai kallo ya yi tambayar tare da Hajiya. An kai kalmar da take tayar da dariya ƙarshen layi, ba a bar komai a bayanta ba, domin duk kalmar da ta biyo baya dariyar za ta danne ta, ko kuma mutane su haɗiye dariyar don su ji. Sannan an ɗora bugu na biyu, wato wata maganar tayar da dariya, a kan na farko da hujjar mai fanfo ɗin kanta, ba da sabon abu ba. Shi mai fanfo bai san yana ba da dariya ba, kuma an rubuta wa ɗan wasan a gefe: kada ka yi murmushi, kada ka kalli kamara.

Kuɗi da dala ake faɗinsa, yadda ake yi a titi: dala biyar CFA 25 ke nan, dala ashirin 100, jaka 1000. Mushe kaɗai yake ƙirga da Faransanci, an kuma sami fitowa guda daga ruɗanin da hakan yake jawowa tsakaninsa da mai nono.

Jeri uku ma yana aiki, in ba a cika shi ba. Baƙo ya zo shiga layi, mai fanfo ya buɗe kaye ya nemi katin ɗan ƙasa, da takardar haihuwa, da takardar haihuwar jarkar. Na farko yana kafa hanya, na biyu yana tabbatar da ita, na uku yana karya ta. An gwada da huɗu, dariyar ta zo a makare, don kunne ya riga ya hango inda aka dosa.

Karin magana an taƙaita shi. Marubutan Hausa suna da son cusa shi a bakin kowa, har wasa ya koma gasar hikima. A nan ga-ruwa kaɗai aka bar wa, ɗaya a kashi, kuma galibi ba wanda yake sauraronsa.

Faransancin Mushe an sa masa doka: duk kalmar da ya faɗa dole tsohuwar da ba ta shiga lakwal ba ta gane abin dariyar daga fuskar wanda ake yi wa maganar. In sai an san ma'anar kalmar kafin a yi dariya, rabin gida an bar su a baya.

Lahadi, 23 ga Nuwamba

An sake rubuta duk fitowar mai nono da dillali. Wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari sananne ne, kamar na Gobirawa da Zabarmawa, da na taubasai, kuma UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin jerin gadon ɗan Adam a 2014. Amma abin da yake halal a bakin abokin wasa ba lalle ya zama halal a bakin shiri ba. A zaure kowa ya san waye waye. A tele, yaro a Mirya ko Magarya ko Tanut zai ji wani ya ce wa wani "bawana", bai san dangantakar ba.

Saboda haka an kafa sharaɗi. Tsokana tsakanin su biyun kaɗai take, wani tauraro ba ya ara. Kowace tsokana tana da ramuwa a cikin fitowar, ba a kashi na gaba ba. A ƙidaya nasara: in dillali ya ci a kashi na 3, mai nono ta ci a na 4. Kuma sau ɗaya aƙalla a ga ɗayansu ya tsaya wa ɗaya da gaske. An sa wannan a kashi na 6, inda aka zargi mai nono da tsallake layi, dillali ya rantse a kanta, ya kuma ƙara da cewa shi kaɗai yake da ikon ce mata ɓarauniya.

Zancen hukuma ma an daidaita shi. Garin da yake da wasan kara, inda samari suke kwaikwayon manya da kayan kara a gaban manyan kansu, ba baƙon tsokanar mai mulki ba ne. Amma wasan kara yana da ranarsa da izininsa. A shirin nan hali ake tsokana, ba mutum ba: ba sunan ofishi, ba kakin da za a gane, ba kwaikwayon muryar wani sananne. Addini da malamai ba a wasa da su. Naƙasa ba ta zama abin dariyar.

Litinin, 1 ga Disamba

Yarjejeniyar marubuta. Wannan ɓangaren ne ya fi shafar rayuwar mai wannan sana'a, kuma shi aka fi bari da baki. Da wuya a sami wanda yake ci da rubutun wasa kaɗai a garin nan: wani malamin makaranta ne, wani yana rubuta gajerun wasannin faɗakarwa na rediyo, wani shi ne ɗan wasan kuma shi ne mai ba da umarnin. Mai kallo kuma ɗan wasa ya sani. Maganar da marubuci ya kwana yana sassaƙa, gobe a tasha da sunan ɗan wasan za a maimaita ta. Wannan ba abin da za a yi masa. Abin da ake iya gyarawa shi ne takarda.

A Amurka wasan rabin awa, wanda ainihinsa minti 22 ne in an cire talla, ɗaki guda na marubuta ne yake rubuta shi, kuma ana biyansu wani abu idan an sake nunawa. Yawan wannan kuɗin a dandalin kallo na intanet yana cikin abin da ya sa marubutan can suka yi yajin aiki na kwana 148 a 2023. Mu nan ba mu kai can ba, amma tambayar ɗaya ce: in an yanka fitowa an ɗora a Facebook ko TikTok ta kawo kuɗi, marubuci yana da rabo?

Abin da aka rubuta aka sa hannu: biya kashi-kashi ne, 30 cikin ɗari a sa hannu, 40 a miƙa rubutu, 30 bayan gyara. Gyara zagaye biyu ne a cikin kuɗin, na uku sabon ciniki ne, in ba haka ba gyara ba ya ƙarewa. Sunan marubuci yana fitowa a farkon kashi, shi kaɗai a allo, ba cikin jerin ƙarshe da tasha take yankewa don talla ba. Izinin nunawa na tasha ɗaya ne, na lokaci ƙayyadadde, intanet kuma da sakin layinta daban. Za a kai kwafin rubutun ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, BNDA, kafin a miƙa wa kowa. Doka aikin da aka tsara take karewa, ba tunanin da ke kai ba, don haka wanda ya ba da labarinsa da baki a majalisar shayi ya ga an yi wasa da shi, ba shi da abin riƙewa.

Maganar da ɗan wasa ya ƙirƙira a gurbin sakewa ta shiga shirin, amma ba ta mayar da shi marubucin kashin ba. An rubuta wannan ma, tun kafin a yi rigimar.

Asabar, 13 ga Disamba

Gwaji a gaban mutane, kashi na 1, 2 da 4, a tsakar gida, ba kamara. An gayyato mata da yara da ƴan dattawa, irin gidan da zai kalla bayan shan ruwa, an kuma kauce wa dangin ƴan wasa da abokansu, don su fitowar ɗan'uwansu kaɗai tana sa su dariya. Mutum biyu sun zauna suna fuskantar ƴan kallo, rubutu a hannu, suna sa alama: ɗigo ga murmushi, layi ga dariya, da'ira ga wurin da aka sa ran dariya aka ji shiru.

Zancen jira ya ci, bugu na biyu ya fi na farko. Gaisuwar Hajiya ta ci tun daga mutum na uku. Da'ira ta fi yawa a kashi na 4, kuma dalilin a fili yake: ƴan kallo ba su san cewa tankin da mai fanfo yake tsaro fanko ne ba, an ɓoye musu don a ba su mamaki a ƙarshe. Mamakin ya ba da dariya ɗaya, ya kashe biyar. An juya shi: a fitowa ta farko ga-ruwa zai ƙwanƙwasa tankin a ji amon fanko, daga nan duk alfarmar da ake nema wurin mai fanfo ta zama abin dariya, don mai kallo ya san abin da taurarin ba su sani ba.

Dutsen da mutum yake ajiyewa ya riƙe masa layi, wanda aka sa a wasan don cika wuri, shi yara suka fi kamawa. An ƙara masa aiki. Zai bayyana a kashi na 1, a yi shari'a a kansa a na 5, a kashi na ƙarshe kuma ruwa ya zo ƙarfe uku na dare, ba kowa a layin sai duwatsu.

Talata, 6 ga Janairu 2026

An shiga ɗauka tun makon jiya. Ana ɗauka ne wuri-wuri, ba kashi-kashi ba: duk fitowar bakin fanfo a jere, sannan na zaure, sannan na cikin gida. Abin da ake samu a yini kusan minti 6 ne na wasa gamamme.

Fanfon na ƙarya ne: duro mai lita 200 a kan dakali bayan katanga, tsayin mita ɗaya da rabi, tiyo ya ratsa bango zuwa kan fanfo. Yana zuba sosai na ƴan mintoci, ƙarfin ya ragu yayin da duron yake sauka, don haka ana cika shi kafin kowace ɗaukar da ruwa zai fito. Fitowar da ake zubar da ruwa a ƙasa ita ake bari ƙarshen yini, domin a iskar hunturu ƙasa tana bushewa tsakanin ɗauka da ɗauka, hoto ɗaya jiƙe, na gaba busasshe. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce in ta cika, ba mai iya maimaita fitowa sau shida da ita. Fanko kuma ana gane ta daga yadda take lilo a hannu. Ana zuba mata kashi ɗaya cikin uku.

Murya ta fi hoto wahala. Shaddar Hajiya mai sitaci tana goga ƙaramin makirufon da aka maƙala mata, kowane motsi kamar ana yaga takarda. An sauya mata zuwa atamfa da aka wanke, shaddar ta koma fitowar da take zaune. Rigar Mushe mai siraran zane tana rawa a allo, an ba shi mai launi ɗaya. Iska tana tashi da hantsi, sai an sa wa makirufon sanda rigarsa ta gashi. An yi magana da mai injin niƙa na kusa a kan sa'o'in da zai tsaya, da biyan abin da ya rasa. Kabu-kabu kuwa sai yaro a kowane bakin lungu ya tare su. Ana tsayawa kafin kiran Azahar, a dawo, a sake tsayawa a La'asar, kuma inuwar katanga tana tafiya, don haka fitowar da aka fara da safe ba a ƙarasa ta da yamma.

Duk wannan yana komawa kan marubuci. Yana zaune kusa da mai ba da umarni da bik, don fitowar da aka rubuta wa mutum shida a tsaye wata rana huɗu ne a wurin, sai a raba layukan biyun ba tare da an ba wani maganar da ba ta halinsa ba.

Alhamis, 22 ga Janairu

Montaj ya nuna inda gurbin sakewa yake ciwo. Da kamara ɗaya ana ɗaukar fitowa daga nesa, a sake ta a fuskar wannan, a sake a fuskar wancan. Rubutacciyar magana tana maimaituwa daidai, a haɗa ta lafiya. A gurbin kuwa ɗan wasa bai taɓa faɗin abu ɗaya sau biyu ba: amsar da dillali ya bayar a hoton fuskarsa amsa ce ga tsokanar da mai nono ba ta yi ba a nata hoton. An rasa gurbi huɗu masu kyau ta haka.

Magani biyu. An aro kamara ta biyu don guraben kaɗai, a ɗauki fuska biyun lokaci ɗaya. Ranar da ba ta samu ba, ana barin ƴan wasa su sake a gwaji, marubuci ya rubuta abin da ya fi daɗi nan take, a haddace, a ɗauka a matsayin rubutu. Hanya ta biyun ta fi arha, kuma abin da ta bayar bai gaza ba, sai dai ɗan zafin farko yakan ragu.

Ba za a ɗora dariyar gwangwani, wato naɗaɗɗiyar dariyar ƴan kallo, ba. An gwada a kashi na 1, ta sa wasan ya zama baƙo. Amma an bar numfashi bayan kowane babban bugu, daƙiƙa ɗaya da rabi zuwa biyu, a kan fuskar wanda aka yi wa maganar, don gida ya yi dariyarsa bai rasa layi na gaba ba. Wannan numfashin ya ƙara wa kowane kashi kusan daƙiƙa 20, an biya shi da yanke ƙarshen fitowa: da zarar bugun ƙarshe ya sauka a fita, ba sallama, ba tafiya.

An rage shirin daga kashi 15 zuwa 12. A minti 6 a yini, kashi 12 kwana 24 ne na ɗauka, 15 kuwa 30, kuma babu kwana shidan. An zaɓi ukun da za a ajiye daga waɗanda suke buƙatar sabon wuri ko taron jama'a, har da na bikin da aka so ɗauka a Birni, tsohuwar unguwar garin.

Litinin, 2 ga Fabrairu

Kashi na 1 zuwa 7 sun gama montaj, tsawonsu tsakanin minti 12 da daƙiƙa 50 zuwa 13 cif. Na 8 ya haura da daƙiƙa 45, za a cire ƙaramin labarinsa na biyu. Na 9 da na 10 an ɗauka, suna jiran gyaran murya, akwai layi 11 da iska ta ɓata da za a sake naɗa a ɗaki. Na 11 saura fitowa biyu na zaure.

Na 12 har yanzu a takarda yake. Fitowar dare tana buƙatar fitila biyu da janareto, janareton kuma sai an kai shi nesa da waya mai tsawon mita 50 aƙalla, bayan gini, don kada ƙararsa ta shiga. Tun da ba magana a fitowar, ana duba yiwuwar ɗaukar hoton ba murya, a ɗora ƙarar zubar ruwa daga baya. Sauran tambayar ita ce ko ga-ruwa zai bayyana a ƙarshenta da kurarsa, ko a bar duwatsun su kaɗai. Za a rubuta zubi biyun zuwa Alhamis, a ɗauki duka a dare ɗaya, a zaɓa a montaj.